Kujerar Hannun Dama

Litinin, bayan la'asar

Yau aka ce in koma ofishin shugabanmu Malam Yamusa, in riƙe sashen furotokol kafin a ga abin da hali zai yi. Ban koma ba. Na ce wa masinja fankar ɗakin tana ƙara, ni kuwa kaina ba ya son ƙara. Gaskiyar magana ita ce hularsa tana nan rataye a bayan ƙofa, kuma ba ni da idon da zan sauke ta.

Ba zan rubuta abin da ya faru a liyafar ranar Alhamis ba. Har masu shara sun sani, kowa da irin gishirin da yake ƙara wa labarin. Abin da na gani da idona shi ne miya ta huce a kwanuka, wani jakada yana tsaye a bayan kujerarsa kamar mai jiran a tayar da salla, kuma bai zauna ba har ya fita. Washegari aka ba Malam Yamusa hutun da bai nema ba. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗoriya yana zaunar da manyan duniya, shi ne ya fita da ledar magungunansa a hannu, ko direba ba a ba shi ba.

Aikinmu ke nan, mu ne masu cewa wane ya zauna nan, wane ya zauna can. Dangina na Zariya har gobe ɗauka suke ni mai jera kujerun biki ce da ta yi digiri. To, ƙarshen watan nan Minista zai ciyar da jakadun ƙasashen da muke hulɗa da su abincin rana, kuma kujerar hannun damansa guda ɗaya ce tal. Ni zan ce ga mai zama a kanta. 'Yan watanni suka rage min in yi ritaya. Ba lambar yabo nake nema ba, so nake kawai in gama da mutuncina, a yi min 'yar walima a ce Hajjo ta yi, Allah ya sa albarka.

Talata, da hantsi

Thaddeus, mataimakina, ya shigo da takalmi duk jar laka, ruwa ya tare su a hanyar Mararaba. Ya ajiye katunan gayyata a gabana ya ce, "Hajiya, ka ga wahala an kawo maka shi a faranti. In ka ba wannan, wancan zai tashi. In ka ba wancan, wannan zai kira Oga a waya." Shekara ashirin yana ce min "ka", na gaji da gyarawa.

Na sa hannu, aka fita da su.

A sashenmu ba a kiran ƙasa da sunanta, musamman a waya, tun zamanin da muke ganin bango ma yana da kunne. Akwai Masu Layin Dogo. Akwai Masu Dabino. Akwai Masu Jirage, da wasu ƙanana da ba su isa a yi musu laƙabi ba. Sannan akwai Babban Gida. Lokacin da na fara aiki, gidaje biyu ne kacal ake ambata da rage murya. Ɗaya ya rushe ina sabuwar ma'aikaciya, magadansa ne muke ce wa Masu Alkama yanzu. Daga nan aiki ya zama kamar shan ruwa. Ka ajiye katin Babban Gida a dama, sauran ka jera su bisa wanda ya riga wani zuwa ƙasar nan, ka tafi sallar azahar hankalinka kwance.

Laraba, bayan magariba

Na baje murafen kwalba a teburin cin abinci, yadda Malam Yamusa ya koya min. Kowane murfi jakada ne, gwangwanin madara shi ne Minista. Nabilah ta dawo daga aiki ta tarar da ni ina tura murfi hagu ina dawo da shi dama.

"Umma, har yanzu jan nan ne Babban Gida?"

"To wa kike so ya zama?"

"Ni ban ce komai ba. Amma duniyar yanzu kasuwar Wuse ce, kowa da rumfarsa. In wannan ya tsauwala miki, ki yi taku biyu ki shiga ta gaba."

'Yar da na haifa ita ke koya min duniya. A kamfanin Masu Jirage take aiki, ta iya gaisuwarsu, tana shan shayinsu a wani ɗan kofi mai siririn ƙugu kamar kalangu. Sau biyu Babban Gida suka hana ta biza. A na biyun ko ɓata rai ba ta yi ba, ta ce dama ba ta son sanyi. Ni na shiga ɗaki na yi mata kukan.

Na ce mata kasuwar ma ai tana da sarki. Ta yi dariya, ta ɗauke min Minista ta tsiyaya a shayinta.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Amsoshi sun fara zuwa. Masu Layin Dogo sun aiko da takarda mai hatimi, da kwalin ganyen shayi, wai na ma'aikatan sashe. Masu Dabino sun aiko da katan biyu na dabino, alhali azumi da sauran nisa. Masu Jirage kuma wata alewa mai danƙo da ta kusa cire wa Thaddeus haƙori. Ruwa ba ya tsami banza. A da wa ke aiko mana da abu? Babban Gida kalanda kawai suke bayarwa a ƙarshen shekara, kuma a kan kalandar nan na taɓa ganin manyan daraktoci biyu sun daina gaisawa.

Su ba su amsa ba. Dama ba sa amsawa.

Abin da Malam Yamusa ya fara koya min ke nan: Babban Gida ba sa cewa za su zo, kuma ba a tambayarsu. Tambayar ma raini ce. In ba za su zo ba, Catherine, 'yar ƙasarmu da ke kula musu da gayyata, za ta bugo min ta ce, "Hajiya, Oga ya yi tafiya fa." In ba ta bugo ba, to kafin a gama zuba ruwa a kofuna za ka ji jiniya a bakin geti. Tun da nake ban taɓa ganin ya saɓa ba.

Litinin, da azahar

Abdulmajeed ya sauko wurina. Shi ne mataimakin Minista na musamman, mai wayoyi uku da turaren da ke riga shi shiga ɗaki.

"Hajiya, Oga yana so a yi balansin. Masu Layin Dogo suna da babban abu a kan tebur, kin gane ai. Amma Masu Dabino ma kar a taɓa su, kin ga abin da ya faru wancan makon."

"To wa zan sa a dama?"

"Haba Hajiya, ke ce gwanar. Mu me muka sani?"

Ya faɗi komai bai faɗi komai ba. Irinsu in abu ya yi kyau su suka ba da shawara, in ya lalace suna masallaci lokacin.

Gaba kura baya sayaki. In na ba Masu Layin Dogo, jakadan Masu Dabino zai sake tsayawa a bayan kujera, don ya riga shi zuwa ƙasar nan kuma ya san ya riga shi. In na ba Masu Dabino, wancan ba zai tsaya ba, zai zauna ya ci ya yi murmushi, bayan sati a ji wani fayil ya tsaya a can. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Talata, bayan la'asar

Na yanke shawara. Babban Gida a dama, kamar kullum. Ba wanda zai yi faɗa da abin da ya tarar. Masu Layin Dogo a hagu, Masu Dabino kusa da Babban Gida, kowa ya ɗan ji ciwo kaɗan, ba wanda zai ji da yawa.

Thaddeus ya daɗe yana kallon takardar yana sosa ƙeya.

"Hajiya, amma ka san ba su da ambasada yanzu. Mai riƙon ƙwarya ne. A doka, mai riƙo yana bayan duk ambasadodi."

"Mai riƙon Babban Gida ya fi jakadan wani gidan."

"A da kenan, Hajiya."

Na kalle shi ta saman tabarau har ya tattara ya fita. Ban ji daɗin abin da na yi masa ba.

Laraba, da safe

Ba su amsa ba. Madalla.

Asabar, da hantsi

Ruwa tun asuba, ba fita. Na zauna ina gyaran kabet sai ga kofin nan mai tutar Babban Gida, hannunsa ya karye tun Nabilah tana rarrafe, na kasa yar da shi.

Shekarar da ma'aikatu suka taso daga Legas aka tura ni kwas babban birninsu, wata uku. Abuja a lokacin jar ƙasa ce da ƙarafan gini, Gwarinpan nan da nake zaune daji ce. Na sauka can na ga ƙanƙara tana zubowa a hankali kamar audugar rimi, na tsaya a titi baki buɗe, ni da nake taƙama 'yar boko ce. Wata tsohuwa mai farin gashi ta koya mana aikin. Ta ce zaman da ya yi kyau shi ne wanda baƙo zai tashi bai tuna da kujerarsa ba. Har yau ina jin muryarta in na shiga zauren liyafa.

Ban manta da sauran ba. Ina can Ministanmu na lokacin ya zo ziyara, aka ce in raka shi. Suka ajiye dattijon nan a kan benci a baranda, babbar rigarsa tana jan ƙasa, har ƙafarsa ta yi sanyi. Wanda ya fito ya gan shi daga baya ƙaramin jami'i ne, ko zama bai yi ba. Ministan yana ta godiya yana murmushi. Na ji kunya har cikin ƙashina. Kuma da zan dawo, a filin jirgi, na sayi kofin nan da kuɗina. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ni kuwa tun ban saba ba aka ɗaure ni.

Mijina Muktar, Allah ya jiƙansa, "matar Babban Gida" yake ce min in yana so ya tsokane ni. Malamin jami'a ne, ra'ayinsa duk na talakawa, in rediyo ya ambace su sai ya yi tsaki. Yakan ce, "Hajjo, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba sai ya koma baya. Wata rana za ki riƙe katin nan a hannu ki rasa inda za ki ajiye shi." Ni kuma in ce kafin nan na yi ritaya. Duk da haka, in katin bikinsu na shekara ya zo, mai ruwan zinari a baki, shi ke fara gwada hula a madubi. Mu bi layi a Maitama, ni da sabon leshi, shi yana gunaguni yana gyara zaman rigarsa, mu ci nama gasasshe a tsaye, mu dawo yana zaginsu a mota yana lashe yatsa.

Ba son su nake ba. Na sha faɗa wa kaina haka. Kewar lokacin nake, lokacin da na san inda kowa yake, da inda ni nake, kuma Muktar yana zaune a gefena a mota.

Bana katin bikin nasu bai zo ba tukuna. Wataƙila sun makara.

Lahadi, bayan la'asar

Na je gaida Malam Yamusa a Kubwa. Na tarar da shi da singileti yana watsa wa tattabaru gero. Ban taɓa ganinsa ba babbar riga ba, sai na rasa inda zan sa idona.

Mun yi hirar damina da tsadar taki. Bai tambayi ofis ba, ni ma ban kawo ba. Sai da na miƙe ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hajjo, ni fa ban yi kuskure ba. Manyan ne suka yi wa teburin yawa."

Na gaya masa yadda na tsara. Ya ce, "Sun amsa?"

Na yi dariya. "Malam, yaushe suka taɓa amsawa? Kai fa ka koya min."

Ya ci gaba da watsa geronsa. Har na kai mota bai ɗago ba. Tsufa ne, da ɓacin rai.

Litinin, da azahar

Na kira Catherine, gaisuwa kawai, mun kwana biyu. Wayar a kashe.

Talata, da safe

Ba su amsa ba.

Masu Alkama sun aiko a tambaya ko za a yi jawabi, kuma wa zai fara. Masu Jirage suna so su san nisan kujerarsu da ta Masu Dabino. Wani jakada da a da ko a bayan ginshiƙi ka ajiye shi sai ya rubuto wasiƙar godiya, yau sakatarensa ya zo da kansa yana tambayar wa zai zauna a gefen ogansa. Kowa ya yi baki. Ba na cewa laifi ne. Nabilah ta ce haka ya kamata, kowa ya san darajar kansa, har mu. Na yarda. Amma wanda zai jera kujerun ba a tambaye shi ba.

Laraba, bayan la'asar

Na yi faɗa da Thaddeus, kuma a gaban mutane.

Ya ce, "Hajiya, bari in je getinsu in tambaya kawai. Ba zan ce kai ka aiko ni ba. Mu yi konfam, hankalin kowa ya kwanta."

Na ce masa in ya taka bakin getin nan da sunan sashena, ya nemi wani sashen. Na ce ba a zamanina za a je a tsaya wa Babban Gida a ƙofa ana tambaya kamar masu bikon amarya ba. Na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaron nan fa yana da jika.

Ya ce, "To, Hajiya." Wannan "to" ɗin tana nan tana min yawo a kai.

Alhamis, da hantsi

Na shiga wurin Minista da tsarin. Ya duba, ya sauke ajiyar zuciya, har kafaɗunsa suka sauka.

"Haka ya fi, Hajiya. Ba wanda zai ce na fifita wani. Amma kin tabbata za su zo?"

"Ranka ya daɗe, ba su taɓa barin kujerarsu ba."

"To, na bar miki."

Abdulmajeed yana gefe yana danna waya, amma na san ya ji. Irinsu kunnensu ba ya hutu.

Juma'a, da yamma

Na bi ta titin Babban Gida a hanyata ta komawa gida. Ba hanyata ba ce, cunkoso na guje wa. Layin masu neman biza da a da yake zagaye kwana, yau bai kai rabin katanga ba. Furannin bakin geti sun yi tsawo ba a aske ba. Damina ce, komai saurin girma yake.

Na sake gwada Catherine. Wataƙila ta canza layi.

Asabar

Ba komai.

Litinin, da safe

Ba su amsa ba, kuma ba a bugo an ce Oga ya yi tafiya ba. Shi ke nan ai. Shiru ma magana ce.

Laraba, bayan magariba

Gobe ne. Na je zauren da kaina na duba komai. Na sa an canza kujera guda mai girgiɗi, na sa an rage furannin tsakiya don kar su tare fuskar kowa. Ni na ajiye katunan suna da hannuna, ban bar wa kowa ba. Da na zo kan nasu na goge shi da bakin mayafina, ban san dalili ba.

Thaddeus ya zo ya tsaya a bayana. Na zaci zai sake magana. Sai ya ce, "Tebur ya yi kyau, Hajiya." Na ce masa ya yi haƙuri da abin Larabar da ta wuce. Ya ce ya manta.

Nabilah ta dafa min faten tsaki irin na gida, ta zauna tana kallona har na cinye. Ba ta yi maganar kasuwar Wuse ba.

Alhamis, bayan la'asar

An yi.

Juma'a, da hantsi

Ban je ofis ba. Bari in rubuta, ko zai sauka daga ƙirjina.

Kowa ya zo a kan lokaci. Aka zuba ruwa a kofuna, ina bakin ƙofa kunnena yana waje. Aka yi taken ƙasa. Aka zauna. Ba wanda ya tsaya a bayan kujerarsa, wannan kam na ci. Aka kawo miya. Duk motar da ta wuce a titi sai in leƙa geti.

Minista yana ta hira da hagunsa, wuyansa ya karkace, don damansa ba kowa sai kati da cokula. Masu hoto suna ta ɗauka. Jakadan Masu Layin Dogo ya dubi kujerar, ya ɗaga ido ya dubi na Masu Dabino. Mutanen nan da wata guda ke nan ba sa ga maciji da juna, sai na ga sun yi wa juna murmushi. Da ma faɗa suka yi, da ya fi min sauƙi.

Da aka kwashe kwanukan miya Abdulmajeed ya zo ya raɗa min, "Oga ya ce a cire." Wani mai hidima ya nufi wurin, na ce ya bari. Ni na taka a gaban jakadun duniya na ɗauke katin. Thaddeus ya ɗaga kujerar ya fita da ita a kansa kamar mai ƙaura. Na Masu Dabino ya matso ba tare da an ce masa ba. Na Masu Layin Dogo ya ci abincinsa tas, ya yi murmushi, ya tafi kafin a kawo shayi.

Katin yana cikin jakata. Ban san me zan yi da shi ba.

Asabar, da azahar

Hoton yana yawo a waya. Minista da kujera ba kowa. Wani ya rubuta a ƙasa wai Oga yana cin abinci da aljaninsa. Nabilah ta ɓoye min, ƙanwata ta turo min daga Zariya da tambayar ko ina wurin.

Litinin, bayan la'asar

An ba ni hutu har zuwa ranar ritayata. Ba kweri, wato takardar tuhuma, ba faɗa, Abdulmajeed ma har da "Allah ya saka da alheri, Hajiya". Babu maganar walima. Thaddeus ya ɗaukar min kwalin kayana har mota, ya tsaya yana riƙe da ƙofa, ya kasa rufewa.

"Da na je getin nan, Hajiya."

"Da na kore ka," na ce. Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Shi aka ce ya riƙe sashen. Allah ya ba shi sa'a, ya kuma ba shi kunnen da ni ban yi amfani da nawa ba.

Laraba

Na tashi na yi wanka na ɗaura ɗankwali kafin na tuna.

Asabar, da yamma

Catherine ta zo. Thaddeus ne ya gan ta a tashar Mararaba ya gaya mata, ta nemo gidan da kanta, da ledar gyaɗa a hannu. Shekaru muna magana a waya, a tsaye kawai muke haɗuwa wurin taro, yau ce rana ta farko da na gan ta a zaune. Ta rame.

"Hajiya, ki yafe ni. Tun kafin Ista aka sallame mu, mu da yawa. Suka karɓi waya, suka karɓi kati, a rana ɗaya. Lambarki tana cikin wayan."

Na ce ba laifinta ba ne. Na tambaye ta ko sun ji labarin, ko mai riƙon ya ji nauyi, ko akwai wanda ya ce a ba da haƙuri.

Ta dube ni kamar mai tausayin mara lafiya. "Wa zai ce, Hajiya? Ni ke buɗe gayyata. Da na tafi ba a sa kowa ba. Katunan suna nan a kwali wurin masu gadi. Mutumin ma ban tabbata ya san titin ma'aikatarku ba."

Na ce to ai shekara da shekaru ba su taɓa fashi ba.

Ta daɗe tana murza bakin zaninta. "A da, su ke tambayata, yaushe ne abincin Minista, wa da wa za su zo. Har faɗa suke min in na manta. Amma 'yan shekarun nan ni ke tuna musu. Su ce ba lokaci, hankalinsu yana gida, can ma wuta ke ci. Sai in ce, don Allah ko rabin awa ne a je, akwai wata Hajiya da ta ajiye muku kujera, kar a ba ta kunya. Bara sai da na bi Oga har mota ina roƙo."

Na so in tambaye ta tun yaushe. Tun Muktar yana da rai, ko bayansa? Amma na ga ita ma ba ta so in tambaya. Na ji kunya irin wadda na ji a barandar nan tasu, sai dai wannan karon ni ce a kan bencin, kuma ban ma san a kansa nake ba.

Ta ƙi tsayawa cin abinci, wai hadari ya haɗo. Na raka ta bakin titi. Muka tsaya cikin yayyafi a ƙarƙashin lema ɗaya muna jiran motar da za ta rage mata hanya, mu biyu, ba mai zuwa aiki ranar Litinin a cikinmu.